Mun gode da takin Onarabul, amma don Allah ya riƙa zuwa kafin shuka

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraronku ne na kullum musamman shirin manoma, kuma daga wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba nake rubuto maka, noma shi ne sana'ata shi na tarar ana yi a gidanmu, masara da dawa da wake da ɗan riɗi, in rani ya yi kuma in taɓa kayan lambu.

Na ji rahoton da kuka kawo kan ɗan majalisarmu da ya raba wa ƙananan manoma taki da iri da injinan ban ruwa, na kuma ji waɗanda suka bugo waya, wasu na yabo wasu na cewa ai siyasa ce kawai. To ni ina wurin ranar, a filin firamare aka yi, kuma na samu buhu ɗaya na kamfa, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani. Gaskiya bawan Allahn nan ya yi ƙoƙari. Abin da ya fi burge ni ba a tambayi kowa katin jam'iyya ba, masu unguwanni ne da shugabannin ƙungiyar manoma suka rubuta sunaye, kuma da aka zo rabo matan da mazajensu suka rasu aka fara kira. Akwai wata baba maƙwabciyarmu da take riƙe da jikoki huɗu, da jikanta ya ɗora buhun a baro ta tsaya ta dafa shi da hannu biyu tana ta addu'a har muryarta na rawa, wallahi ni kaina sai da na ji ƙwalla. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin gona yana kallon masararsa na yin ja don rashin taki ba ba zai san abin da buhu ɗaya yake nufi ba. Allah ya saka masa da alheri, ya sa a mizani.

Amma ranka ya daɗe akwai magana, kuma ita ce ta sa na ɗauki waya. Takin nan a tsakiyar watan Agusta ya iso. Mu nan in ruwa ya zauna a watan Yuni muke shuka, masara kuma tana son kamfa ne sati biyu ko ƙasa da haka bayan shuka, sai yuriya in ta kai kamar sati biyar zuwa shida, to ranar da tirelar ta shigo gari masarata ta riga ta yi goyo, ganyen ƙasa duk sun yi ruwan ɗorawa, abin da za ta zama ta riga ta zama. Ko ka juye mata buhun gaba ɗaya a lokacin ba zai dawo da abin da ta rasa tana ƙarama ba. Shi ya sa za ka ga tun a bakin ƙofar makarantar akwai masu jira da kuɗi a hannu suna saye, mutane na sayarwa da araha, sai a koma gefe ana cewa manoma ba su da godiya an ba su sun sayar. Ni ban sayar da nawa ba na ajiye shi don lambu, amma ban ga laifin wanda ya sayar ba, mutum ne a tsakiyar damina rumbu ya ƙare, yara na jiran tuwo, ga taki a hannu wanda lokacinsa ya wuce, me kake so ya yi.

Kuma wannan jinkirin shi ke jefa mu hannun masu ba-da-kaka. Bari in ba ka nawa labarin don kar a ce ji na yi. Da na ga Yuni ya shiga babu labarin taki, na je wurin wani ɗan kasuwa na karɓi buhu biyu bashi a kan in biya da masara in an yi girbi, shi ya yanke yawan buhunan da zan kawo ni kuwa ba ni da bakin ja tunda gona ba ta jira. Da kaka ta zo muka yi sussuka, tun a bakin masussuka motarsa ta zo ta kwashi nata, na biya masu aiki na biya kuɗin huɗa da na ci bashi, na fitar da zakka, abin da ya shiga gida maiɗakina ta tsaya ta ƙirga buhunan da ido ba ta ce komai ba, ta juya ta shiga ɗaki. Ni da ita duk mun san ba zai kai mu wata damina ba. Haka kuwa aka yi, da bazara sai ga ni a kasuwa ina auno masara a kwano, wataƙila ma tawa ce da na noma ta je sito ta dawo da sabon farashi. Wannan ba ni kaɗai ba ne, ka shiga Tudun Hatsi a Gombe ko kasuwar Kumo da kaka ka ga yadda ake sauke kaya, yawancin masu shi ba ra'ayin sayarwa suke ba bashi ne ya koro su.

Ba yau aka fara kawo wa manomi tallafi ba ai, mun ga iri-iri. A 2012 lokacin Jonathan da ministan noma Adesina an yi wanda ake turo saƙo a waya ka je ka karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Lokacin Buhari aka zo da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, sannan wajen 2017 aka riƙa sayar da buhun kamfa, wato NPK, naira 5,500, yau in ka faɗa wa yaro wannan kuɗin sai ya ɗauka tatsuniya kake. Kowanne da alherinsa da matsalarsa, amma abin da na lura shi ne duk shekarar da kayan suka riga ruwa isowa to ka ga bambanci a gonaki, duk shekarar da suka makara kuwa sai dai a ɗauki hoto. Hukumar kula da yanayi ta NiMet kowace shekara tun farkonta take fitar da hasashen lokacin saukar damina, ba abu ne ɓoyayye ba, don haka ina roƙon Onarabul da ma duk mai niyyar taimako ya sa rabon nan a watan Afrilu ko Mayu, kuɗin dai ɗaya ne zai kashe amma amfanin ya ninka.

Sai maganar farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai na noma ya tashi, huɗa da tarakta, dako, maganin feshi, taki, har gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin shekarar. A 2024 kuma aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci irin su masara da shinkafa da alkama, daga baya farashin hatsi ya sauko. Ni ban yi baƙin ciki da saukar abinci ba, ƙanwata tana aure a Bolari mijinta ɗan albashi ne, na san irin wuyar da suka sha lokacin da kwanon masara ya gagara. Amma mu a ƙauye hatsi ya sauka taki bai sauka ba, sai ya zama buhunan da za ka sayar kafin ka sayi taki ɗaya sun ƙaru, na san mutane da dama da suka rage gonar masara suka koma dawa da riɗi da waken suya don ba su cin taki sosai. In aka ci gaba a haka masarar da za ta shigo birni ma raguwa za ta yi.

Shi ya sa nake ganin taimako na biyu da ya kamata Onarabul ya duba shi ne ajiya. A gina mana sito ko ɗaya ne a kowace gunduma, a hannun ƙungiyar manoma da mai unguwa, mutum ya kai buhunansa da kaka a rubuta a ba shi takarda, a ba shi ɗan rance a kai ya rage bashi ya biya kuɗin makaranta, in farashi ya gyaru ya sayar ya biya ko ya kwaso abinsa ya ci. Sannan a cikin kayan rabo a haɗa da buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki wanda in ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga ƙwaro ya mutu da kansa. Na taɓa ajiye wake a buhun gargajiya, da na kwance bakinsa bayan wata uku na tura hannu sai gari da ƙwari ke bin yatsuna, kowace ƙwaya da huji, ko ƙosai bai yiwu da shi ba sai awaki muka ba. Tsoron irin wannan ne ke sa mutane zuba maganin ƙwari kai tsaye a cikin wake, abin da yake cutar da mu masu ci, har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda shi. Buhun nan ba shi da tsada in an kwatanta da taki, kuma in ba a huda shi ba ya kan yi fiye da shekara ɗaya.

Injinan ban ruwa kuwa madalla, ga dam ɗin Dadin Kowa a kan kogin Gongola a gefenmu tun shekarun 1980, ruwa dai Allah ya ba mu. Sai dai inji mai shan fetur ne, man da muke saya ƙasa da naira 200 ya zo ya haura 1,000 a ƙarshen 2024, akwai wanda na sani injinsa na nan a kwali bai taɓa tayar da shi ba. In da hali a gaba a kawo masu sola ko da kaɗan ne, a haɗa mutum biyar-biyar a kan ɗaya. A kuma waiwayi malaman gona, zamanin mahaifina suna zuwa a babur har gona su nuna tazarar shuka da yadda ake binne taki, yanzu tsutsar nan mai cin zuciyar masara in ta sauka sai dai ka tambayi mai shagon magani, shi kuma abin da ke kan kantarsa zai ba ka.

Malam Edita ina roƙon a karanta wasiƙar nan a shirin tun kafin ruwa ya sauka, in da hali a gayyato Onarabul ko wakilinsa a buɗe layi mu yi magana da shi kai tsaye, na tabbata mutum ne mai saurare tunda ranar rabon ya tsaya a rana har aka gama. In kuma za ku turo wakilinku to ya zo da kaka lokacin sussuka, zan kai shi masussuka da kaina ya ƙirga buhunan da ke hawa mota da waɗanda ke shiga gida.

Na gode, a gaida ma'aikata baki ɗaya.

Naku,
wani manomi daga Yamaltu Deba, Jihar Gombe