Mawaƙan Tamil Na Dauri Da Takardun Da Ke Cikin Gafakokinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan waɗansu mawaƙa da suka rayu a kudancin ƙasar Indiya kimanin shekara dubu biyu da suka shige, domin tun da na fara karanta labarinsu hankalina ya kasa kwanciya game da halin da takardun kakanninmu suke ciki a nan Sakkwato.

Yawancinmu ta hanyar fina-finai muka san Indiya, kuma da dama daga cikin waɗanda ake fassara wa matasanmu yanzu daga kudancin ƙasar suke fitowa, amma ba kowa ya san cewa mutanen wannan yanki suna da harsunansu dabam da na arewa ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tamil, wanda mutum fiye da miliyan 70 suke magana da shi a jihar Tamil Nadu da ƙasar Siri Lanka da Singafo da Maleshiya, kuma a shekarar 2004 gwamnatin Indiya ta ba shi matsayin harshe mai daɗaɗɗen adabi. Tushen wannan matsayi shi ne tarin waƙoƙin da ake kira na Sangam, wato na majalisar mawaƙa, wadda al'adarsu ta ce tana zama a birnin Madurai ƙarƙashin sarakunan Pandiya. Masana da yawa suna sanya zamanin waƙoƙin tsakanin shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, zuwa shekara ta 300 bayanta. Abin da ya iso hannun mutanen yau waƙoƙi 2,381 ne, cikin diwanai takwas da dogayen waƙoƙi goma, kuma an san sunayen mawaƙa 473 da suka tsara su.

Wannan adadi na 473 shi ya fara tsayar da ni. Waɗanda suka tattara waƙoƙin ba su bar su sakaka ba, sai da suka rubuta sunan mai kusan kowace waƙa a ƙarƙashinta, sau da yawa har da garinsu da sana'arsa, ta yadda za ka tarar da mai sayar da hatsi da mai magani da masanin taurari da sarki da mace duk a jere cikin diwani guda. Inda sunan ya ɓace musu kuwa, sai su ciro wata kalma mai daɗi daga cikin waƙar su laƙaba wa mai ita. Akwai wanda har yau ba a san shi da wani suna ba face "mai jan ƙasa da ruwan sama", saboda a cikin 'yar gajeriyar waƙarsa saurayi yana faɗa wa budurwa cewa uwarsa ba ta san uwarta ba, ubansa bai haɗa dangi da ubanta ba, amma zukatansu sun gauraya kamar yadda ruwan sama yake gauraya da jan ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ranar da ruwan shuka ya sauka, ya ga yadda ruwan yake ɗaukar launin ƙasa har ba a iya raba su, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan baiti.

Sun kasa waƙa gida biyu. Ta ciki, wadda suke kira akam, ita ce ta soyayya da zaman iyali, kuma ƙa'idarta ita ce ba a ambatar sunan masoyi ko masoyiya, kunyar da Bahaushe zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. Ta waje, wato puram, ta ƙunshi yaƙi da sarauta da kyauta da makoki. A waƙar ciki kowane hali na zuciya yana da irin ƙasarsa: haɗuwar masoya a kan duwatsu, jiran miji a dajin makiyaya, saɓani a gonakin fadama, bege a bakin teku, rabuwa kuma a busasshen daji. Tsohon littafin nahawunsu, Tolkappiyam, ya shimfiɗa waɗannan ƙa'idoji bayan ya gama da haruffa da kalmomi.

Daga cikin mawaƙan, labarin Kapilar ne ya fi taɓa ni. Amini ne ga wani basarake mai suna Pari, mai mulkin dutsen Parambu, wanda kyautarsa ta kai har ana ba da labarin cewa ya ga wata tsiron fure mai yaɗo ta rasa abin da za ta hau, sai ya sauka ya bar mata karusarsa. Manyan sarakuna uku na ƙasar, na Chera da Chola da Pandiya, suka haɗa kai suka kewaye dutsen, daga baya aka kashe Pari. A nan ne ake gane bambancin maroƙin da ke bin tuwo da mawaƙin da ke riƙe amana, domin Kapilar bai koma fadar waɗanda suka yi nasara ya sauya kirari ba. Ya ɗauki 'ya'yan Pari mata biyu ya shiga yawo da su gari gari yana nema musu mazajen da suka dace da asalinsu, yana tsara waƙoƙin ban kwana da dutsen da suka baro, kuma waƙoƙin suna nan a diwanin Purananuru. Ruwayarsu ta ce da ya sauke wannan nauyi sai ya zauna yana fuskantar arewa ya ƙi ci ya ƙi sha har rai ya yi halinsa. Wannan ƙarshe addininmu bai yarda da shi ba, ni ma ban yaba shi ba, amma riƙon marayun aboki bayan duniya ta juya musu baya hali ne da kowane Musulmi zai girmama. Kapilar ne kuma ya tsara doguwar waƙar duwatsu wadda a cikinta ya jera sunayen furanni 99 na ƙasarsu.

Sai Awwaiyar, mace mai kaifin harshe wadda ta zauna a fadar Atiyaman, basaraken Tagadur. An ce ya sami wani ɗan itace da ake ganin yana tsawaita rai, maimakon ya ci sai ya ba ta, domin a ganinsa rayuwar mawaƙiyar ta fi tasa amfani ga jama'a. Da yaƙi ya ƙarato tsakaninsa da Tondaiman, sarkin Kanchi, ita ya tura jakadiya. Sarkin ya shiga da ita ɗakin makamansa don ya tsorata ta, sai ta duba ta ce lalle waɗannan makamai sun yi kyau, an shafe su da mai, an ƙawata su da gashin ɗawisu, suna jere a ɗaki mai tsaro, su kuwa na ubangidanta duk bakinsu ya karye wajen sukar abokan gaba, kullum suna maƙera ana gyara. Wannan habaici ne da aka yi wa rigar yabo, kuma duk wanda ya saurari yadda makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo suke sakaya zambo a cikin kirari zai ga cewa dabarar ɗaya ce. Ƙarnuka da yawa bayanta an yi wata mawaƙiya mai wannan suna, wadda ta tsara gajerun nasihohi bisa jerin haruffa, kuma har yau da su yaran Tamil suke fara karatu. Ban iya karanta wannan ba tare da Nana Asma'u ta faɗo mini a rai ba, ita da ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma ɗora wa jajis, wato matan da ta koyar suke jagorantar 'yan'uwansu mata, nauyin kai su ƙauyuka domin mata su haddace.

Akwai ma wani nau'in waƙa da suke da shi wanda a cikinsa makaɗin da ya dawo daga fada da kyauta yake gamuwa da ɗan'uwansa a hanya, yunwa ta galabaitar da shi da iyalinsa, sai ya kwatanta masa hanyar zuwa wurin mai kyautar, gari bayan gari, har da irin abincin da za a ba shi a kowane zango. Ta wannan hanya ce masu tarihi suke sanin yadda biranensu da kasuwanninsu da tashoshin jiragen ruwansu suke a wancan zamani.

Wanda ya fi dukansu suna a duniya shi ne Tiruwalluwar, mai littafin Tirukkural, wanda ya ƙunshi baiti 1,330 a babi 133, kowane babi baiti goma, kowane baiti ɗango biyu kacal. Ya kasa shi kashi uku, na kyawawan halaye da na mulki da dukiya da na soyayya. Ya ware babi guda don ruwan sama, wani kuma don noma, inda ya nuna cewa duk inda duniya ta juya bayan mai garma take bi. A wani baitin ya ce ƙunar wuta tana warkewa, amma tabon da harshe ya yi ba ya gushewa, abin da mu muke nufi idan muka ce magana zarar bunu ce. A ranar 1 ga Janairun 2000 aka buɗe mutum-mutuminsa a Kanyakumari, can ƙarshen ƙasar Indiya ta kudu, tsawonsa ƙafa 133, daidai da yawan babobin littafin.

Kada wani ya ɗauka wannan harshe bai san Musulunci ba. Umaru Pulawar, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1703, ya tsara tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cikin waƙar Tamil mai baiti sama da 5,000 da ake kira Sirapuranam, kuma Musulmin yankin sun daɗe suna rubuta harshensu da haruffan Larabci, rubutun da suke kira Arwi, wanda shi ne ajaminsu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tsofaffin waƙoƙin nan a kan ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginya aka rubuta su, ana karce ganyen da tsinken ƙarfe, kuma ganye ba ya daɗewa sai an yi ta kwafewa. Da zamani ya juya aka daina kwafar yawancinsu, har ya zama manyan malaman Tamil na ƙarni na 19 ba su san da su ba. A shekarar 1880 wani matashin malami mai suna Suwaminata Ayyar, wanda aka haifa a 1855, ya fara koyarwa a kwalejin Kumbakonam, ya kai ziyara wurin wani alƙali mai son adabi. Alƙalin ya tambaye shi abin da ya karanta, ya jero littattafai masu yawa, amma alƙalin ya nuna masa cewa bai taɓa tsofaffin ba tukuna. Wannan tambaya ce ta sauya rayuwarsa. Ya shiga bin ƙauyuka da gidajen malamai da wuraren ibada yana roƙon a buɗe masa ɗaurin ganyaye, wani wuri ya tarar gara ta riga shi, wani wuri a ce masa magada sun zuba su a kogi ko sun ƙone su. Abin da ya samu ya zauna ya gwada kwafi da kwafi, ya buga dogayen waƙoƙi goman nan a 1889, ya buga Purananuru a 1894, bai kuma daina ba har ya rasu a 1942. Mutanensa suna kiransa Kakan Tamil. Ba don shi da 'yan kaɗan irinsa ba, kamar Damodaram Pillai na Jafna a ƙasar Siri Lanka, da yawancin abin da na faɗa a kan Kapilar da Awwaiyar ya tafi cikin cikin gara.

Ni kaina na ga irin wannan asara da idona. Kakana malami ne, ya bar akwati cike da gafakoki, kuma saboda girmamawa ba wanda ya yarda a taɓa shi shekara da shekaru. Ranar da muka buɗe, rabin takardun sun zama gari, damina ta lalata wasu, abin da ya tsira kuwa akwai waƙoƙin wa'azi na ajami da babu sunan mai su, babu kuma wanda ya rage a gidan da zai iya gaya mana ko nasa ne ko kwafowa ya yi. Na tabbata gidaje da yawa a cikin birni da Gwandu da Wurno da Salame suna da irin wannan akwati. Ba na musun ƙoƙarin da aka yi, domin marigayi Waziri Junaidu ya tsare taska mai girma, gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa yana adana takardu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masu bincike, kuma an tattara ayyukan Nana Asma'u an buga su a 1997. Amma abin da ke hannun talakawan malamai, da waƙoƙin makaɗan ƙauye da suka rage a tsofaffin kaset ko a bakin 'yan amshin da tsufa ya kama, ba su sami mai bin su gida gida ba.

Saboda haka, ya Edita, ina roƙon wannan jarida ta ware shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda masu karatu za su aiko da hoton takardar ajami ko baitocin da suka gada, tare da sunan mai waƙar da garinsu da sana'arsa idan an sani, domin masana su karanta su juya zuwa boko. Ina kuma roƙon malamanmu na sashen harsuna su duba yiwuwar fassara Tirukkural zuwa Hausa, ko da babin ruwan sama da na noma ne za a fara da su. Idan aka buɗe shafin, takardu goma sha ɗaya da suka tsira daga akwatin kakana suna nan a wurina, na naɗe su cikin farin ƙyalle, kuma ni zan fara aikowa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Sakkwato.