Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu Ta Maharba Na Shekarar 2025

Assalamu alaikum. Iyayenmu Sarkin Baka da Sarkin Dawa, dattawa, da sauran 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Zan fara da katin shaida, tunda shi ake tare ni da shi ko'ina. Bayan abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris, inda aka kashe mafarauta 16 suna kan hanyar dawowa gida Kano yin Sallah, Allah Ya jiƙansu, mun zauna muka yanke cewa kowane ɗan ƙungiya sai ya mallaki kati mai hoto, a kuma tattara sunayen masu bindigar adaka a nema musu lasisi wurin 'yan sanda. Har yau katin bai fito ba, kuma ba laifin ofishina ba ne. Mai bugawa ya ce ba zai taɓa aiki ba sai an ba shi kafin alƙalami, mu kuwa waɗanda suka biya kuɗin wata bana ba su kai rabinmu ba. Na bi mutane gida, na bi su gona, wasu ko hoton fasfo sun kasa kawowa. Littafin ma'aji yana nan, mai shakka ya zo ya duba. Abin da ya shigo, yawancinsa ya tafi a jinyar 'yan uwanmu biyu da allurar karnuka. Jerin masu bindiga ma bai cika ba, don wasu suna tsoron a ƙwace musu. Wanda aka tare shi a shingen hanya ba takarda, shi ne zai rasa tasa.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da watan azumi.

Abin da ya faranta mana rai shi ne farautar Fabrairu. Sarkin Baka ya kafa sharaɗi tun a gida: ba cocila, ba babur, ba ashana. Da yawa sun ce za mu dawo hannu rabbana. Muka fita bayan sallar asuba cikin sanyi, masu gangi na gaba, 'yan tauri suna kirari, karnuka suna ta ɗoki. Aka ja layi irin na da, dattawa a gefe biyu, samari a tsakiya da gora da baka. Kafin azahar an samu zomaye, zabin daji, fakara da gafiya, har da gada. Wata barewa ta tashi da ɗanta a baya, Sarkin Dawa ya ɗaga hannu, aka riƙe karnuka har ta shige kurmi, ba wanda ya yi gardama. Na daɗe ban ga haka ba. Ba mu taka iyakar dajin Falgore da gwamnati ta killace ba, ba a ƙona ciyawar makiyayi ba, ba a yi faɗan rabon nama ba, ba wanda ya ji ciwo. Yaran da suka bi mu ranar nan suka fara koyon gane sawu. Mun gode wa mai unguwa da matan da suka tarbe mu da fura.

Wannan fitar ce ta tayar da muhawarar da muka kwashe shekara muna yi. Samari sun ce nama ya yi ƙaranci, in mun ajiye cocila da babur, baƙi ba za su ajiye ba, mu ne za mu kwana da yunwa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ni ina bayan dattawa. Hasken cocila kashe wa dabba ido yake yi ta tsaya cak, mai harbi ba ya bambance mai ciki da namiji. Tarkon waya kuwa ba ya zaɓe, akuyar mutane ma kamawa yake. Iyayenmu sun ga gwanki da ɓauna a dazukan nan, yau mai son ganinsu sai ya niƙi gari ya tafi Yankari, inda aka killace tun 1956. An dai cimma matsaya a kan uku: an hana tarkon waya, an hana cinna wa daji wuta, an rufe farauta daga faɗuwar damina har a kawar da amfanin gona. Batun cocila da babur ya tsaya, domin ranar ƙuri'a ba mu cika ba.

Waɗanda ba sa zuwa taro, ba sa biyan ko sisi, amma su ne a sahun gaba ranar fita, kun san kanku. Da mun cika ranar nan, da an gama maganar cocila. Za a sake kawo ta a taron Janairu. Kowa ya zo da bashin da ake bin sa da hoto guda biyu, wanda bai biya ba kuwa ba za a sa sunansa a farautar rani mai zuwa ba.

Magatakarda