Zuwa ga ɗana, kafin ka biya kuɗin jif ɗin nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka da yaran. Mahaifiyarka ta nuna mini hotunan motoci ukun da ka turo, ta kuma ce zuciyarka ta fi kwantawa da baƙar nan da aka ɗaga ta sama aka sa mata manyan tayoyi. Na so mu yi maganar ta waya, sai na ga tana da rassa, kuma abin da aka rubuta ya fi zama, don haka na zauna na rubuto maka.

Na yi murna da ka kai ga wannan shawara. Yara uku da kayansu sun fi ƙarfin ƙaramar motar da kake ja, kuma matsakaiciyar jif ita ce daidai ku. Amma ka sani duk lokacin da na tuna motar nan, jikokina nake hangowa zaune a kujerar baya, kuma da wannan ido nake son kai ma ka dube ta.

Motocin da ake kira jif kala biyu ne, ko da yake a ido kamar ɗaya suke. Akwai waɗanda aka ƙera bodi daban aka ɗora shi a kan shasi na ƙarfe mai kama da tsani, irin su Prado da 4Runner da Fortuner. Akwai kuma waɗanda bodi da shasi a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, irin su Highlander da Honda Pilot da Santa Fe. Ita Highlander da ta fito a 2000, a kan ginin Camry aka tayar da ita, shi ya sa tafiyarta take da laushi. Masu shasi daban sun fi jure gargada da jan tirela, amma sun fi nauyi, sun fi shan mai, kuma a kwana za ka ji suna rangaji. Ka zauna ka ƙirga sau nawa ka sauka daga kwalta a shekarar da ta wuce. In amsar ba ta wuce yatsun hannunka ba, to ba ka da dalilin biyan kuɗin ƙarfen da ba za ka mora ba, kana kuma ciyar da shi mai kullum.

Haka zancen jan taya huɗu. Wasu motocin da kansu suke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ba ruwanka. Wasu kuwa kai ne za ka sa musu 4H (giyar jan taya huɗu ta gudu) ko 4L (ta ƙarfi da tafiya a hankali), kuma a cikinsu akwai waɗanda ba a sa musu 4H a busasshiyar kwalta, domin tayoyin gaba da na baya ba su samun damar juyawa da gudu daban a kwana, sai kayan ƙasa su ɗaure su fara cin juna. Littafin motar zai gaya maka wace iri ce taka. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, jan taya huɗu yana taimakonka tashi a taɓo ko rairayi, amma ba ya ƙara maka birki ko kaɗan. Mutane da yawa sun ji mota ta kama ƙasa a lokacin ruwa suka ƙara wuta, sai da suka taka birki suka gane nauyin abin da suke ja.

Kujerun layi na uku kuma kada su ruɗe ka. A yawancin matsakaitan jif, na yara ne, kuma da zarar ka ɗaga su sai but ya koma ɗan lungu. Ka tafi da iyalinka gaba ɗaya ranar dubawa, kowa ya zauna inda zai riƙa zama, a gwada sa keken jariri a baya. Gani ya kori ji.

Tunda ta hannu za ka saya, ka ce wa mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso, in ka iso kuma ka fara ɗora hannu a kan bonet. Ina ɗan shekara talatin da wani abu na sayi mota a hannun wani dillali, na same ta tana aiki, injin yana tafiya sumul. Washegari da asuba na tayar da ita, sai ƙara kamar ana buga guduma da shuɗin hayaƙi ta salansa. Kuɗin da na tara don wata buƙata ta gida ne ya tafi gyaran injin, kuma na daɗe ina jin zafin abin. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ƙarƙashinsa. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar madara, akwai yiwuwar ruwan lagireto yana haɗuwa da mai, kuma wannan babban aiki ne. Ka ɗaga kafet ka shafa ƙasa, ka leƙa ƙarafan da kujeru ke zamewa a kai. Laka busasshiya ko tsatsa a wurin, ko warin ruma, alama ce ta motar da ta taɓa nutsewa a ruwa, kuma irinta wayoyinta ba sa daina ba da wahala. Ka kwatanta abin da mita ta nuna da yadda robar birki da sitiyari suka side, domin ana juya mita amma ba a cika tunawa da waɗannan ba.

Yawancin motoci tun 1981 suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Za ka gan ta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. Su zo ɗaya da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi. Da wannan lamba za ka iya bincika a intanet ko kamfanin ya taɓa kiran motar gyara. Kada ka raina wannan, don jakunkunan iska na kamfanin Takata da aka sa a miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban an same su suna iya fashewa su watsa ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba, kuma har yanzu akwai motocin da ba a canza musu ba. Sannan ka je da makanikenka, ba wanda mai motar ya kawo ba, ya jona mata kwamfuta ta ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ya duba har da ko an goge bayanan matsala kwanan nan, domin na'urar tana nuna hakan. Ka tambayi ko injin da bel yake aiki ko da sarƙa. In bel ne kuma babu shaidar ranar da aka canza shi, ka lissafa kuɗin canjin cikin ciniki, don in ya tsinke a wasu injunan, bawul da fistin ne za su yi karo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato baƙar nan da ka fi so.

Tsayin jif shi ne daɗinta, shi ne kuma haɗarinta. Yana ba ka damar hango hanya da tsallake rami, amma nauyinta yana sama, don haka in ka karkatar da sitiyari da ƙarfi don kauce wa wani abu, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun auna tsayin da faɗin da girman taya suka daidaita su. Wanda ya ƙara ɗaga ta ya sa mata tayoyin da suka fi nata ya rushe wannan lissafi: nauyi ya ƙara hawa sama, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, mita kuma za ta riƙa nuna maka gudu ƙasa da wanda kake yi. Ban yarda da ita ba, ɗana, ko da ta fi sauran kyau. Ka zaɓi wadda aka bari yadda kamfani ya yi ta, kuma ka tabbata tana da na'urar nan da ke kama mota in ta fara sulɓi, wadda wasu ke rubutawa ESC, Toyota kuma VSC. Ita da kanta take taka birkin taya ɗaya-ɗaya ta maido da motar kan layi kafin direba ya ankara. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Motar da ba ta da ita, ka bar ta komai arahar ta.

Duk girman motar nan, abin da ke taɓa ƙasa wuri huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. A shekarar 2000 an janye tayoyin Firestone kimanin miliyan 6.5 a Amurka, bayan da aka yi ta samun fatar taya tana ɓallewa ana cikin gudu, akasari a jif ƙirar Ford Explorer, motoci suna wuntsilawa, an kuma rasa rayuka da dama. Wannan ne ya jawo dokar da ta sa daga 2007 sababbin motoci a can suke zuwa da fitilar da ke gargaɗi in iska ta ragu. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, zafin kuma shi ke raba roba da wayar ciki, musamman in rana ta take kuma mota ta sha lodi.

Saboda haka ka koyi karanta taya. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. 3521 na nufin mako na 35 a 2021. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Wadda ta haura shekara shida ka sa mata ido sosai, wadda ta kai goma kuwa ka cire ta ko zanenta na nan kamar sabo, har da safaya. Zurfin zanen kada ya yi ƙasa da milimita 1.6, ni kuwa ba na jira ya kai nan. Iskar da za ka sa, ka duba ta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba; lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ka auna da safe kafin ka tashi, ko da sau ɗaya a wata, da ma'aunin kanka. In motar mai jan taya huɗu ce, tayoyin su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, in ba haka ba kayan rabon ƙarfi ne za su biya. A wannan takardar ta ƙofa za ka ga nauyin mutane da kaya da aka yarda mata, kuma manya bakwai da jakunkunansu kan iya wuce shi.

Na san da zarar ta shigo hannunka za a fara kawo maka shawarar kayan ƙawa. Ƙaton ƙarfen nan da ake kafawa a gaba, ka ƙyale shi: wanda ba a ƙera don motar ba yana iya rikita lokacin da jakar iska za ta buɗe, kuma in tsautsayi ya sa ka bugi mai tafiya a ƙasa, abin da zai tsaya a rauni sai ya zama ajali. Kariyar ɗora kaya a saman mota tana da amfani, amma rufin mota iyakarsa kaɗan ce, tana rubuce a littafi, kuma duk abin da ka ɗora can ƙari ne ga rangaji. Mai nauyi ya zauna ƙasa cikin but, a jingine da bayan kujera, a ɗaure, domin a taka birki na gaggawa akwatin kayan aiki kan zama jifa.

Kuɗin da za ka kashe, ka fara da kujerun yara. Ka laluba tsakanin mazauni da majingina na kujerar baya, za ka ji ƙarafa biyu da ake maƙala su, ana kiransu ISOFIX. Jaririyar ta fuskanci baya, kuma kada a taɓa sa kujerarta a gaba inda jakar iska ke aiki. In motar ba ta da kyamarar baya, ka sa mata. Jif tana da wuri mai faɗi a bayanta da madubi ba ya kamawa, yaro ɗan shekara biyu zai tsaya nan ba ka gan shi ba. Ko da kyamarar, ka zagaya motar da ƙafarka kafin ka yi ribas, ka san inda kowane yaro yake. Wannan kam roƙonka nake yi. Sauran kuwa sanannu ne: safaya mai iska, jak da sifana da ka gwada da hannunka a gida, famfon taya, tukunyar kashe gobara, alamar tsayawa da akwatin taimakon gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma tsayinta ya sa ka shiga ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 60 yana iya tafiya da jif ɗungurungum, wanda bai kai haka ba ma in inji ya shaƙe shi, ya gama aiki.

Maganar aljihu ba zan tsawaita ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: mai zai ƙaru, taya da birki da inshora duk sun fi na ƙaramar mota tsada. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a sayen. Ka rage abin da zai ishe ka canza baƙin mai da man giya da man birki da ruwan lagireto a makon farko, tunda ba ka san yaushe aka yi na ƙarshe ba, sannan ka buɗe littafi ka riƙa rubuta kowane gyara da ranarsa da abin da mita ta nuna. Ka bar mai ɗakinka ta gwada tuƙa ta kafin a yi ciniki, tunda ita ma za ta riƙa kai yara.

A cikin ukun, farar ce ta fi kwanta mini, don a hoto na ga tayoyinta na asali ne kuma ba a taɓa tsayinta ba. Ka turo mini lambar shasinta da alƙaluman nan huɗu na kowace taya, da hoton takardar jikin ƙofa, kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan jaririya. Allah ya sa ka saya a sa'a, ya tsare ku a duk inda kuka nufa, ya yi muku albarka.

Mahaifinka.