Ba kowane katin Charizard ne ke sayen gida ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani labari da ya daɗe yana yawo a kafafen yaɗa labarai da wayoyin matasanmu, wato labarin katin wasan Pokémon mai hoton Charizard da aka sayar kan dala 420,000 a wani gwanjo a Amurka cikin watan Maris na 2022. Labarin gaskiya ne. Sai dai yadda ake ba da shi, a ambaci kuɗin, a nuna hoton, sannan a yi shiru, yana barin mai karatu da zaton duk katin da ke ɗauke da wannan dodo mai fikafikai da aman wuta dukiya ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanena, wanda ya tsinci irin wannan kati a cikin buhun kayan wasan yara na gwanjo, ya shigo mini gida yana rawar jiki yana cewa, "Baffa, kakarmu ta yanke saƙa!" Kafin in ba shi amsa sai da na zaunar da shi muka bi tarihin bugun katin daki-daki, kuma ina ganin sauran masu karatu za su amfana da shi.

An fara buga wannan kati ne a Japan a watan Oktoba na 1996, a ƙarƙashin kamfanin Media Factory, da sunan Lizardon, kuma mai zane Mitsuhiro Arita ne ya zana hoton. Tun a can ma bugun bai zama iri ɗaya ba, domin kashin farko da ya fita daga maɗaba'a ba ya ɗauke da ɗan tauraron da daga baya aka riƙa sawa a kusurwar ƙasa don nuna ƙarancin kati, kuma rashin wannan ɗigon tawada kaɗai ya isa ya ninka farashinsa sau da yawa. A watan Janairu na 1999 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da na Turanci a Amurka, cikin jerin katuna 102 wanda Charizard ne na 4 a cikinsu, shi ya sa ake ganin 4/102 a ƙasan katin. Kowane fakiti yana ɗauke da kati 11, ana samun mai ƙyalli a kusan ɗaya daga cikin fakiti uku, kuma tun da Charizard ɗaya ne kawai daga cikin masu ƙyalli goma sha shida, yaro na iya buɗe fakiti fiye da 40 bai haɗu da Charizard ba.

A wannan bugu na 1999 ne maganar take, domin kati uku ne masu hoto ɗaya da lamba ɗaya, amma tsakanin darajarsu akwai tafiya mai nisa. Na farko yana da ɗan baƙin tambari a gefen hagu, ƙasa da hoton, wanda aka rubuta "Edition 1" a jikinsa, kuma idan ka dubi gefen dama na zagayen hoton ba za ka ga inuwa ba. Na biyu shi ma ba shi da inuwa, amma an cire masa tambarin. Na uku kuwa, wanda aka yi ta bugawa ba adadi bayan wasan ya kama yaran Amurka kamar wutar daji, an ƙara masa siririyar inuwa a gefen dama da ƙasan hoton domin ya yi kamar ya taso daga jikin kwalin, an kuma kaurara rubutun lambar 120 da ke saman katin, mai nuna ƙarfin dodon. Akwai wata shaida ta daban a layin haƙƙin mallaka da ke can ƙasa, wanda sai ka kusanto da katin ga idonka za ka iya karantawa: marasa inuwa sun jera shekarun 1995, 96, 98, 99, mai inuwa kuwa ya tsaya a 98. Wanda aka sayar kan dala 420,000 ɗin nan na farko ne, mai tambari marar inuwa. Na uku shi ne ya cika akwatunan gidaje.

Kada kuma a ɗauka tambarin kaɗai ya wadatar. Katin Machamp, na 8 a wannan jeri, an ci gaba da buga masa tambarin bugun farko har bayan an koma sa inuwa, saboda a cikin akwatin koyon wasa yake zuwa, don haka yana da yawa kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Haka nan bugun farko na Faransanci, inda ake kiran dodon Dracaufeu, da na Jamusanci, inda ake ce masa Glurak, suna da tambari kuma suna da inuwa a lokaci guda. Wanda ya haddace ƙa'idar katin Amurka ya ɗora ta a kan waɗannan zai yi kuskure.

Ko an dace da bugun da ake nema, saura lafiyar katin. Akwai kamfanonin tantancewa, wanda ya fi shahara shi ne PSA, da ke duba kaifin kusurwa, da tsabtar gefe, da ko akwai ƙarzuwa a kan ƙyallin, da ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, sannan su ba da maki daga 1 zuwa 10 su rufe katin a cikin roba mai tauri. A lokacin wancan gwanjo, katunan Charizard masu tambari marasa inuwa da suka sami maki 10 kusan 120 ne kacal a duniya. Dalilin ba boyayye ba ne: yara aka sayar wa katunan, su kuwa sun sa su a aljihu, sun ɗaure su da roba, sun yi musaya da su a filin makaranta da hannu mai maiƙo. A ganina, abin da attajirin ya biya kuɗinsa shi ne kwalin da ya shekara fiye da 20 ba a taɓa yin wasa da shi ba, wanda kuma abin mamaki ne ga abin da aka ƙirƙira domin wasa.

Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne an sha maimaita wannan hoto na Arita. Ya dawo a shekarar 2000 da lamba 4/130, ya dawo a 2002 da lamba 3/110, sannan bayan lasisin Wizards of the Coast ya ƙare a 2003, masu Pokémon da kansu sun sake fito da shi a 2016 domin cika shekara 20, da lamba 11/108, suka ɗaga 120 ɗin zuwa 150. A 2021 ma sun maimaita shi da tsohuwar lambarsa ta 4/102, amma da tambarin cika shekara 25 mai siffar kan Pikachu, wata halitta ta wasan, a jikin hoton. Ban da waɗannan halastattun bugu akwai jabu, waɗanda suke da yawa a kasuwannin intanet. Kati na gaske yana da siririn baƙin layi a tsakiyar kaurin kwalinsa wanda ke hana haske ratsa shi, na jabu kuwa sau da yawa idan ka haska shi da fitilar waya daga baya sai ka ga hasken ya fito sarai.

Da muka ɗora katin ɗan ƙanena a kan tabarma muka haska shi, hasken bai ratsa ba, sai murnarsa ta ƙaru. Na ce ya karanta mini lambar da ke sama, ya ce 150. Na ce ya duba ƙasa, ya ga 11/108 da shekarar 2016, ga kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, ga wani tabo kamar na shayi a bayansa. Katin na gaske ne, amma tsakaninsa da wanda aka gani a labarai akwai shekara 17 da miliyoyin kwafi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko zai kai kuɗin katin waya.

Roƙona ga jaridarku da sauran 'yan jarida shi ne, duk lokacin da za a kawo labarin irin wannan ciniki, a ƙara layi biyu da za su faɗi shekarar bugun, da ko na farko ne, da makin da katin ya samu wajen tantancewa, domin akwai matasa da suka fara tura kuɗinsu ga masu tallan kati a Facebook da WhatsApp bisa hoto kawai.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya