Kafin a ba masu sana'a rancen gwamnati, a duba takardar da suke sa yaranmu hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in kai kuka gaban 'yan majalisar dokokinmu na Jigawa su 30 da ke Dutse.

Duk lokacin kasafi za ka ji an ware wa masu sana'a tallafi da rance, madalla, ba mai ƙin wannan. Amma wa ke bin sawu ya ga yadda masu karɓar kuɗin ke yi da yaran da suka ɗauka aiki? Ƙanina ya samu aiki a wani kamfanin casar shinkafa, ranar farko aka miƙo masa takarda shafi huɗu duk Turanci aka ce sa hannu, shi kuma ɗoki ya hana shi karantawa. Ashe wai sai ya yi shekara uku, in ya bari kafin nan ya biya kuɗin horo, horon da sati biyu ne kacal, wani tsohon ma'aikaci ya nuna masa kunna inji da ɗinke bakin buhu. Suka kuma riƙe orijinal ɗin difilomarsa. Yau wata 20 ke nan, albashin ko kusa da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ɗin da aka sa wa hannu a 2024 bai kai ba, ga shi ya samu aiki mai gwaɓi a Kano ya kasa motsi, wallahi har Baba ya fara zancen sai da sanmu na huɗa.

Na san za a ce harkar ƙwadago ta tarayya ce, haka tsarin mulkin 1999 ya ajiye, kuma a kotun ma'aikata ake shari'arta. Gaskiya ne. To amma kuɗin rancen ai na jiha ne, kuma mai kuɗi shi ke gindaya sharaɗi. A sa a doka cewa duk wanda zai karɓi rancen jiha ba zai riƙe takardun kowa ba, kuɗin horo ya kawo rasit, kuma bashin horon ya riƙa raguwa wata-wata gwargwadon aikin da yaro ya yi. A karanta wa yaro yarjejeniyar da Hausa gaban shaida.

Ba wai ina ƙin yarjejeniyar gaba ɗaya ba ne, ɗaliban likitanci da gwamnati ke biya wa karatu su dawo su yi wa jiha aiki, wannan daidai ne, an kashe musu kuɗi na gaske.

Ɗan majalisarmu, in ka shigo gida ƙarshen mako, kwafin takardar na wajena.

Naka,
Wani mai karatu daga Auyo, Jihar Jigawa