Wasiƙa zuwa Sakkwato kan mage mai dogon gashi

Portland, jihar Maine, Amurka

Assalamu alaikum Malam Habibu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso, har da hoton magen da yara suka nace sai an saya musu. Tun da ka nemi shawarata kafin ka zuba kuɗi, to ga abin da na sani.

Wadda ke cikin hoton, jinsin da ake kira Maine Coon ce, asalinta nan jihar da nake zaune, har sun mai da ita magen jiha a 1985. Tun a 1895 wata mai ratsin ruwan ƙasa, Cosey, ta lashe gasar kuliyoyi a New York. Ƙatti ne, muzuru kan kai kilo 8, kuma sai ya shekara 3 ko fiye kafin ya gama girma.

Zanen da ya burge ku kuwa ba nasu ne su kaɗai ba. Dubi goshinta, za ka ga alama kamar harafin M. Muzurun unguwarku mai ratsi ma yana da ita, domin kuliyoyin gida duk daga magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya suka fito, ratsin gadonta ne. Wani siriri ne, yana gangarowa daga gadon baya zuwa ciki. Wani mai faɗi ne, ya murɗe a kwiɓi ya yi da'ira, irin na hoton nan. Akwai kuma mai ɗigo-ɗigo. Sai dai a jikin mai dogon gashi zanen kan nutse, a fuska da ƙafafu kawai kake ganinsa sarai. In ka ga ja mai ratsi, galibi namiji ne.

Hali kam ba ta da abin kushewa. Tawa tana bi na ɗaki-ɗaki, in na zauna karatu ta kwanta gefen ƙafata, amma ba ta cika son a ɗauke ta ba. Kukanta ɗan siriri, ba ka ce daga wannan ƙaton jiki ya fito ba. Tana haƙuri da yara, ga son ruwa, sai ta tsoma hannu cikin kwanon sha ta fantsama ko'ina.

Gashin ne ke damuna, Habibu. Allah ya yi shi ne don dusar ƙanƙara, ga na sama mai tsawo, ga na ƙasa mai laushi, har tsakanin yatsu. Ka tuna watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke. Mage ba ta gumi kamar mu sai ta tafin ƙafa, in ka ga tana haki baki buɗe, to abin ya kai a nemi likitan dabbobi nan take. Sannan ga tajewa da mataji na ƙarfe, sau biyu ko uku a mako. Bayan kunne, hammata, ƙasan ciki da cinyoyin baya, nan gashin ke fara cukurkuɗewa, ya dunƙule yana jan fata har ya yi gyambo. Kada a sa almakashi, fatar ba ta da kauri, nan da nan ake yanka ta. Wanda ba a taje ba kuma ita za ta lashe ta haɗiye, ta yi ta amansa.

Don Allah ka ja kunnen mutanen gida: farasitamol na kashe mage, haka maganin ƙumar kare mai sinadarin fametirin. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ma na lalata mata jini. Mai sayarwa kuma ka tambaye shi ko an duba zuciyar iyayen, don ciwon kaurin tsokar zuciya na bin wannan jinsi.

In ba ku da ɗakin da ke da sanyi dare da rana, ni dai ban so ka saya. Ku ɗauki 'yar kyanwa mai ratsi ta nan gida, a yi mata allurar rigakafi, ita ta san bazara.

Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka,
Bashir