Ƙungiyar malamai ba ta yajin aiki kaɗai ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Sa'a guda cur kuna tattaunawa a kan ƙungiyar malamai, amma ba a yi zancen komai ba sai yajin aiki da rufe makarantu. Baƙon da kuka gayyato ya ce kuɗin ƙungiya da ake yanka a albashinmu duk wata asara ce, mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi ya wuce, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. A cikin mutanen da kuka zaunar babu mai riƙe alli ko guda. To wa zai ba shi amsa? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni malamin firamare ne a makarantar gwamnati, na daɗe a aji, kuma na ga abin da kuɗin nan yake yi. Wata abokiyar aikinmu ta tafi hutun haihuwa bayan ta miƙa takardarta yadda doka ta tanada. Da ta dawo sai ta tarar da takardar tuhuma tana jiran ta, wai ta gudu daga bakin aiki, an kuma riga an tsayar da albashinta. Takardar neman hutun ta ɓata a tsakanin ofis da ofis, kowa ya ce bai gan ta ba. Ina nan a ɗakin malamai lokacin da take karanta tuhumar, jaririnta a cinya, takardar tana rawa a hannunta. An ce ta bayyana gaban kwamiti washegari da safe. Ba ta da lauya, ba ta san kowa a sama ba.

Wakilin ƙungiya na makarantarmu, wani dattijo da ya kusa ritaya, shi ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya daɗe yana damun mu da cewa duk takardar da za mu miƙa mu yi mata kwafi, a buga hatimi a kai, mu ba shi ya ajiye. Ya buɗe wani tsohon fayil da ya ɗaure da roba, ya zaro kwafin takardarta da hatimi da kwanan wata. Ya raka ta gaban kwamitin, ya nemi a ba ta lokaci ta shirya amsa, ya nemi a nuna hujjar da aka dogara da ita. Babu hujja. Aka janye tuhumar, aka mayar mata da albashinta. Ba a rufe aji ko ɗaya ba, ba wanda ya ɗaga kwali a titi, shi ya sa ku 'yan jarida ba ku ji labarin ba. Irin wannan aikin shi ne mafi yawan abin da ƙungiya take yi.

Kuma dattijon nan ba alfarma ya je roƙo ba. A ranar 5 ga Oktoba, 1966, a birnin Faris, aka amince da shawarwarin UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan matsayin malamai, ranar da tun 1994 ake bikinta a matsayin Ranar Malamai ta Duniya. A ciki an rubuta ƙarara cewa malamin da ake tuhuma yana da haƙƙin a sanar da shi laifinsa a rubuce, ya ga hujjojin da ake da su, a ba shi isasshen lokaci, ya kare kansa ko ya zaɓi wanda zai kare shi, a faɗa masa hukunci da dalilinsa a rubuce, sannan ya ɗaukaka ƙara in bai gamsu ba. An kuma ce kada a sallami malama saboda ciki ko hutun haihuwa. Amma takarda ba ta tashi da ƙafarta ta shiga ofis ta kare kowa. Sai an samu wanda ya san da ita, wanda kuma ba ya tsoron a yi masa canjin wurin aiki gobe don ya buɗe baki. Malami shi kaɗai yana tsoro, kuma da gaskiyarsa.

Ni kaina an yi mini ƙarin girma a takarda, shekaru suka shuɗe ban ga sauyi a albashi ba. Na yi ta zarya ofis, kullum a ce in dawo gobe, mai fayil ɗin ya fita. Sai da reshen ƙungiya ya tattara sunayen duk masu irin matsalata ya kai gaba ɗaya sannan aka saurare mu. Je ku tambayi tsofaffin malamai da ke bin layin fansho da garatuti wa yake bin musu sawun takardu. Ku tambayi iyalan malamin da ya rasu wa ya fara ƙwanƙwasa musu ƙofa da taimako daga asusun 'yan ƙungiya.

Ba na cewa shugabanninmu waliyyai ne. Akwai waɗanda da zarar sun hau kujera sai su manta da ƙurar aji, kuma muna da haƙƙin a karanta mana lissafin kuɗinmu dalla-dalla a taro. Da abin da baƙonku ya faɗa ke nan, da na yaba masa. Amma shi cewa ya yi a daina biya, kowa ya ji da kansa.

Shi kuwa yajin aikin da kuka cika mana kunne da shi, ana zuwa gare shi ne bayan an rubuta wasiƙu, an zauna, an sa hannu a yarjejeniya, an karya ta. 'Yancin kafa ƙungiya da na yin ciniki a kan albashi suna cikin yarjejeniyoyi masu lamba 87 ta 1948 da 98 ta 1949 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Da yawanmu 'ya'yanmu a waɗannan azuzuwan suke zaune, in an rufe su ma gida suke. Mai gabatarwarku ya tambayi halin da yara suke shiga sau da dama, bai tambayi ko sau ɗaya yadda malamin da aka riƙe wa albashi yake ciyar da nasa ba. Ina roƙon ku sake shirin, ku zaunar da malama ko malamin da ke koyarwa yanzu, da wakilin ƙungiya na makaranta, ba na babban ofis ba.

Sannan ku dubi layin wayarku don Allah. Na yi ta kira a daren nan ba ya shiga, wanda ya samu shiga kuma yana tsakiyar magana kuka katse shi saboda talla. In lokacin masu sauraro bai wuce haka ba, ku daina karanto mana lambar.

Wassalam,
Wani malamin firamare